Shekarar da Na Koya wa Ƙwarya Yaren C

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani a cikinku ya ɗauko labarin akwatin Gwaggonku Hajara, kuma kullum a karkace kuke ba da shi. Kuna cewa ni da babanku mun yi gardama a kan yaren kwamfuta, ya kayar da ni, na bi nasa ina ƙunƙuni. Kabiru har ƙari yake yi, wai na daɗe ina yi wa babanku miya ba gishiri don haushi. Ba haka aka yi ba. A shekarar duk kuna makarantu da wuraren aiki a Kaduna da Zariya, hanya kuma ba ta biyuwa yadda ake so, saboda haka gutsattsarin labari ne ya riƙa iso muku ta waya. Yanzu da na ajiye aiki, idona kuma bai gama gajiya ba, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, ku ma ku gaya wa 'ya'yanku daidai.

Sai in fara da Gwaggonku, domin ƙanananku ba su san ta da ƙarfinta ba. Yayar babanku ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ni kuma Yaya nake ce mata tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Ita kuwa har furfura ta fito mini ba ta daina kirana Amarya ba. Mawaƙiyar ƙwarya ce. A bikin mata makaɗanta za su zauna su kife ƙore a gabansu, manya da ƙanana, ɗaya a kan ruwa cikin baho, suna bugu da 'yan sanduna, ita tana tsaye a tsakiya tana waƙa suna amsawa. Daga nan cikin gari har Tsohon Birnin Gwari da wuya a kai amarya ba a ji muryarta ba. Ni kuwa a lokacin malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, kuma kun san irin sunan da na yi: Malama ba ta dariya, Malama ba ta zaman biki. In ana hidima zan je in yi Allah ya sanya alheri, in ajiye gudunmawata, in dawo gida kafin a fara kiɗa. Babanku kuma yana shagonsa na bakin kasuwa, cikin rediyoyi da lasifikoki da ƙaurin dalma.

A shekarar abu biyu ne suka haɗu wa Yaya. Yawancin makaɗanta a Damari da Kutemeshi suke aure, hanya ta ƙi saboda rashin tsaro, wasunsu ma sun kwashi yara sun koma wajen dangi a wasu garuruwan. Da can in makaɗa ba su zo ba takan zauna ta buga da kanta tana waƙa, to sai sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ko sanda ta riƙe sai ta suɓuce. Murya tana nan garau, hannu ne ya ƙi. Ran nan a farkon damina, ana yayyafi, ta shigo mana ta zauna a kan tabarma, na dama mata fura ta ƙi sha. Ta ce bayan kaka za a aurar da jikar ƙawarta marigayiya Ladi. Ita ta yi waƙa a bikin Ladi suna 'yan mata, ita ta yi a bikin 'yar Ladi, kuma ta ɗaukar wa Ladi alkawarin na jikar tun tana kwance a asibiti. Sai ta dubi babanku.

“Isiyaku, kai da kake sa mataccen rediyo ya yi magana, ba za ka iya sa ƙwarya ta buga kanta ba? In ban yi wa yarinyar nan waƙa ba, na ajiye ke nan, ba zan sake buɗe baki a gidan biki ba.”

“Yaya, ai wannan mai sauƙi ne,” in ji shi. “A zuba kiɗan a memori, a sa a lasifika, ki bi.”

Yana da wani tsohon kiɗansu da aka ɗauka a waya. Nan take ya kunna, ta gyara murya ta fara. Ba ta yi nisa ba ta ɗaga hannu.

“Kashe, kashe. Wannan ba ya jirana. In na hango uwar amarya ta shigo, jan waƙa nake yi in kira mata kakanninta, makaɗa su sassauta su jira ni. In 'yan mata suka faɗo fili in zafafa, su ma su zafafa. Shi wannan gaba kawai yake yi kamar motar da birkinta ya tsinke.”

Babanku ya yi kwanaki yana cin abinci idonsa a bango. Sai ga shi wata rana da 'yan faya-fayen ƙarfe a aljihu, sirara kamar ganye, ya ciro su daga matattun agogai da tsofaffin wayoyi. Ya ce in an taɓa su ɗan lantarki suke bayarwa. Ya tare Bafillatanar da ke kawo mana nono ya sayi ƙananan ƙore a wajenta, ya manna faya-fayen a cikinsu, ya ja wayoyi. Dabararsa ita ce Yaya ta taɓa ƙwarya da kan yatsa kawai, amon ƙwarya ta gaske ya fito a lasifika da ƙarfinsa. Ya kuma ciro matakin tsohon keken ɗinkina, ya ce in ta taka shi wani kiɗan rakiya mai gudana a ƙarƙashin bugunta zai tashi, saurinsa kuma ya bi saurin yatsunta. Ya shimfiɗa kayan a tsakar gida, ya share hannu a rigarsa.

“Kunne da hannu na iya haɗawa,” ya ce. “Ƙwaƙwalwar kuwa sai Malama.”

Mun fara da ɗaukar amon ƙoren Yaya na asali. Muka jingina katifu a ƙofa da taga, tana buga kowace bugu guda, babanku yana ɗauka. Zakaran maƙwabta ya rantse sai ya shiga, duk bugun da ya yi kyau sai ya yi cara a kansa. Da ƙyar muka samu masu tsabta, Yaya tana dariya har da hawaye. Rabon da in ji ta yi dariya irin wannan tun kafin hannun ya kama ta.

Jikokina, ku da za ku karanta wannan daga baya, ga abin da ake nufi da yaren kwamfuta. Na'ura ba ta san abin da kake so ba sai ka rubuta mata umarni, layi bayan layi, kuma akwai yaruka da yawa da ake rubuta umarnin da su. Wanda na fi ƙauna shi ne Python. Shi nake koya wa ɗalibaina, don a sarari yake, yarinya takan karanta layi ta gane abin da yake nufi tun kafin in yi bayani. Ba a ma yi shawara ba, da shi na fara. Cikin 'yan kwanaki na gama rubutu a laftof ɗina, muka haɗa wayoyi, muka aika aka kira Yaya. Ta zauna, ta yi bisimilla, ta taɓa ƙwarya. Amo ya fito, ta zabura ta dafe ƙirji. Ta sake taɓawa, ta sake, sannan ta fara jerawa. Sai na ga ta karkata kai tana murmushi.

“Amarya, wannan makaɗiyar taki barci take ji? Ina bugawa, sai ta gama tunani sannan ta amsa.”

Gaskiya ta faɗa. Jinkirin ɗan kaɗan ne, ko ƙiftawar ido bai kai ba, amma a kiɗa ya isa ya rikita mutum. Laftof tana da hidindimu da yawa a cikinta, sauti sai ya bi layi kafin ya fita. Ga shi kuma ba a shiga da ita tsakiyar mata ana rawa ana zubar da ruwa, batirinta ma ba ya jimiri. Babanku ya sa wani direba ya taho masa da ɗan allon lantarki daga Kaduna, bai kai tafin hannu ba, irin wanda ba shi da aikin komai sai abin da aka rubuta masa, kuma batirin babur ya ishe shi yini. Yana miƙo mini shi ya ce, “Wannan da C za ki rubuta masa.”

Na ce a'a. Yaren C na san shi tun muna makarantar kimiyya da fasaha a Kaduna, kuma ban rabu da shi da daɗi ba. Yare ne da ba ya yi maka uzuri. Komai sai ka faɗa masa, har yawan wurin da zai ajiye kowane abu, in ka yi kuskure kuma ba lallai ya gaya maka ba, sai dai ka ga na'ura ta haukace. Babanku ya ɗan taɓa shi a wajen gyaran kayan sauti, shi ya sa yake ganin girmansa. Na ce masa akwai ƙaramin Python da ake sa wa irin wannan allo, da shi zan yi. Kuma ina da hujja, ba taurin kai ba ne. Ina so in ba na nan ɗalibaina su iya buɗe abin su gyara. Ina so in Yaya ta ce a canja mata kiɗa, in canja kafin shayi ya huce. Kabiru, kai ma ka sa baki ta waya, ka ce mu bar su duka mu yi da wata manhaja da ake jona akwatuna da layuka a fuskar kwamfuta, wai ita masu situdiyo suke yayi. Na duba ta, kyakkyawa ce, amma ita ma sai da kwamfuta babba, mun koma inda muka baro ke nan.

Gardamar da muka yi da babanku ta yi daɗi, wannan ku sani. A kan tuwo muke yin ta, a kan hanyar gona muke yin ta. Shi yana cewa Python tafinta gare shi, kowane umarni sai an fassara wa na'ura a lokacin da ake buƙatarsa, C kuwa tun a gida ake gama fassarar, in an zo fili sai aiki. Ni ina cewa abin da mutum ɗaya kaɗai ya iya karantawa ba na jama'a ba ne. Ya ce kiɗa ba ya jiran tafinta. Na ce shi ma rediyonsa ai sai ya yi zafi yake magana. Mun shekara da shekaru muna zaune lafiya, amma ba mu taɓa samun abin da muke hira a kansa da zumuɗi irin wannan ba. Maƙwabciyarmu ta taɓa leƙowa ta katanga don ta raba faɗa, ta tarar muna dariya.

Na yi da ƙaramin Python ɗin a kan ɗan allon, wanda muka fara kira akwati, kuma ya yi kyau ƙwarai. Jinkirin ya kusa ɓacewa. Saura matsala guda: lokaci-lokaci yakan ɗan tsaya ya share abin da ya tara a ƙwaƙwalwarsa, shi ke zaɓar lokacin da kansa, in ya faɗo a tsakiyar kiɗa sai ka ji bugu ɗaya ya yi tuntuɓe. Na bi hanyoyin rage abin iyakar sanina, ya ragu, bai tafi ba. Wataƙila wanda ya fi ni gwaninta zai iya kashe shi gaba ɗaya, ni dai iyakata ke nan. Na ce a raina ai ya wadatar, wa zai lura a cikin guɗa da tafi?

Abin da ya juya ni ya faru ne wata la'asar, gero ya fara fitar da kai. Yaya ta zo gwaji, babanku yana shago, daga ni sai ita a rumfa. Ta taka matakin, kiɗa ya tashi, ta fara waƙar da ta shirya wa jikar Ladi. Can sai ta lumshe ido. Muryar ta buɗe, ta hau, tana kiran Ladi da sunan ƙuruciya, tana ba ta labarin yarinyar da ta bari ta girma. Ina riƙe da tsintsiya na tsaya cak. Sai akwatin ya yi tuntuɓensa. Ta buɗe ido. Ba ta daina waƙar ba, amma daga nan ba ta sake lumshe ido ba, yatsunta take kallo, tana dakon inda zai sake yi. Na ji ta rage tsawon baitin don ta tsallake wurin da take tsoro.

“Yaya, ya dame ki ko?” na tambaye ta da ta gama.

“Haba Amarya, ba komai. Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Zan saba da shi, in na san halinsa sai in riƙa kauce masa.”

Wannan maganar ce ta yanke shawarar, ba ta babanku ba. Matar da makaɗa suka bi duk rayuwarta, ga ta tana shirin lanƙwasa waƙarta don ta bi akwatina. Ban gaya wa kowa ba. Washegari bayan sallar asuba na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, na ciro tsohon littafina na C, gara ta ci gefensa, na zauna a bakin ƙofa inda haske yake na fara daga shafin farko kamar sabuwar ɗaliba.

Na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Abin da na rubuta da Python a shafi ɗaya sai da ya ci shafuka. In na manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi, sai na'ura ta zazzago mini ƙorafi cike da fuskar kwamfuta, kuma ba a kan layin da laifin yake ba. Wata rana na ajiye sauti ya wuce wurin da na tanadar masa, muna kunnawa lasifika ta ƙwalla wata ƙara, awakin gidan nan suka tsallake turke, kaji suka haye katanga. Wata rana kuma taɓawa ɗaya sai ƙwarya ta amsa sau biyu, domin faifan yana ci gaba da rawa bayan an ɗaga yatsa, sai da na koya masa ya toshe kunne na ɗan lokaci bayan kowane bugu. A wannan daminar na fara sa tabarau. An kuma zaɓe ni zuwa wani kwas na malamai a lokacin hutu, wanda na daɗe ina nema, na ba wata abokiyar aikina gurbin, domin in na tafi ba zan gama kafin biki ba.

To ga inda labarinku ya fi karkacewa. Babanku da ya ga idona ya yi ja, na rame, abinci ma sai an tuna mini, sai ya sauya sheƙa. Ya dawo daga shago wata azahar ya same ni na dafe kai, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

“Malama, ki koma Python ɗinki. Na yi tunani, ke ce da gaskiya. Tuntuɓen nan ba wanda zai ji shi a taro. Kuma yaran makarantarki fa? In ba kya nan wa zai gyara?”

“Malam, yau kai ne kake kare Python?”

“Ni ne. Na janye duk abin da na faɗa.”

“To ni ma na janye nawa. Kiɗa ba ya jiran tafinta, wani mai gyaran rediyo ya gaya mini.”

Ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya. Daga ranar gardamar ta juye, shi yana roƙona in koma, ni ina ƙi. Har ya haɗa ni da Yaya, ta zo ta ce in bari haka nan kada in makance a kanta. Na ce mata ta ba ni zuwa yankan gero. Saboda haka in kun tashi ba da labari, ku ce uwarku ce ta zaɓi C da kanta, a lokacin da ubanku yake tsaye a kan Python da ƙafa biyu.

Ana cikin yankan gero kuwa na gama. Na ƙara masa abin da babu a na farko: ya riƙa auna ƙarfin taɓawa, amma da ma'aunin hannun Yaya, yadda ɗan abin da yatsunta za su iya shi ne bugu mai ƙarfi, shafawa kuma ta zama bugu mai taushi. Babanku ya ƙera masa gida da katako, ya shafa masa shuɗin fenti. Ranar gwaji ban ce wa Yaya na riga na zuba sabon rubutun ba. Ta zauna, ta taka, ta fara. Ina kallon fuskarta. Ta zo wurin da take tsoro, ta ɗan noƙe, ba abin da ya faru. Ta wuce. Ta ja baitin da gangan, kiɗa ya sassauta ya jira ta. Ta zafafa, ya bi ta. Sai idon ya lumshe, bai sake buɗewa ba har ta kai ƙarshe. Da ta gama ta shafa ƙwaryar kamar kan jariri.

“Amarya, me kika ba ta? Ta farka.”

Amma abin da na ji tsoro tun farko ya tabbata. Ɗalibaina da na nuna musu rubutun, suka duba suka dube ni, ko mafi ƙwazonsu ba ta gane kansa ba. Babanku ya iya wayoyinsa, bai iya cikinsa ba. Ma'ana, in akwatin ya yi gardama a gidan biki, duk garin nan ni kaɗai ce zan iya lallashinsa. Yaya ta gane haka kafin ni.

“Ranar Asabar sai ki shirya da wuri,” ta ce. “Kusa da ni za ki zauna.”

“Ni, Yaya? A tsakiyar fili?”

“To wa? Makaɗiya tana zuwa ba uwarta?”

Ranar bikin babanku ya kai mu a babur, ya haɗa lasifika da batir, ya fita waje wurin maza, don ba ya zama cikin mata. Gida ya cika maƙil. Mata suna ta kallon shuɗin akwati da 'yan ƙoren da wayoyi suka fito musu, ana raɗa, wasu na dariya. Suna kuma kallona, Malamar da ba ta zaman biki, ga ni a kan tabarma da tabarau da laftof a cikin jaka ko da za a buƙata. Yaya ta zauna a kujera, ta jera ƙoren a kan tire a cinyarta, ta yi bisimilla, ta taka. Da amon babbar ƙwarya ya fito, irin wanda suka sani tun suna yara, sai gidan ya yi tsit, sannan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ba 'yan amshi, amma ba a buƙace su ba, duk gidan ne ya amsa. Da uwar amarya ta fito, Yaya ta ja waƙar, ta kira Ladi, ta ce mata ga alkawari na cika. Uwar amarya ta durƙusa a gabanta ta kifa kai a gwiwarta tana kuka tana dariya. Kiɗan yana nan a hankali a ƙarƙashinsu, yana jira. Sannan 'yan mata suka faɗo fili, Yaya ta zafafa, ƙura ta tashi.

Ban buɗe jakar ba ko sau ɗaya. Ina zaune ina sauraron kowane bugu, zuciyata tana bugawa tare da shi. Can sai na ji an kama hannuna. Uwar wata ɗalibata ce, wadda na taɓa kira makaranta a kan rashin zuwan 'yarta.

“Malama, yau kam ba aji. Tashi.”

Na ce ban iya ba. Yaya ta ji, sai ta saka ni a waƙa, ta kira ni Amaryar Isiyaku mai koya wa ƙwarya karatu. Gida ya ɗauka. Ɗalibaina da ke wurin suka toshe baki suna tsalle. Na tashi. Ban san irin rawar da na yi ba, kuma na gode Allah ba wanda ya ɗauka a waya, amma na yi, kuma ban zauna da wuri ba.

Daga wannan rana Asabar ɗina ta zama ta Yaya. Shekarun da suka rage mata tana waƙa, ba bikin da ta je ban je ba, cikin gari da ƙauyukan da hanya ta yarda. Kowane gida da irin kiɗan da suke so, kowane sabon kiɗa kuma sai na zauna na rubuta shi da wannan yare mai wuyar hali. Da na tsaya a kan Python da tuni na miƙa wa wata yarinya na koma ɗakina. Kwas ɗin nan bai sake zagayowa kaina ba, ƙarin girman da ke biye da shi ma ya wuce ni. Ban yi da-na-sani ba. Matan garin nan da nake wucewa mu gaisa a tsaye, a waɗannan shekarun na san su, na ci abincinsu, na san sunayen kakanninsu daga bakin Yaya. Yawancin waɗanda suke zuwa duba ni yanzu a can na same su.

A ranar bikin farkon, da aka tashi, rana ta yi sanyi, babanku ya fara kai Yaya gida ya dawo ya ɗauke ni. Na hau bayan babur, akwatin a cinyata. Ya tambaye ni yadda aka yi, don shi ta bayan katanga ya ji komai. Ina ba shi labari, muna bi ta gefen gonaki, an jera dammunan gero, iska tana kaɗa mayafina. Can na ji ya rage gudu.

“Malama.”

“Na'am.”

“Tun daga ƙofar gidan bikin nan kike kiɗa a bayana.”

Na duba, ashe yatsuna ne suke ta bugun kafaɗarsa ban sani ba. Na janye hannu da sauri.

“A'a,” ya ce, “ban ce ki daina ba. Ci gaba, ni zan yi amshi.”

Haka muka shigo unguwa, mai gyaran rediyo yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, malamar kwamfuta tana kiɗa a bayansa, mutanen da ke alwalar magariba a ƙofar masallaci suna bin mu da kallo.